Wifi Zone: yadda kebul ɗin arha ke cinye jarin matasa

Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, za ka tarar da matasa a bakin wani shago a Maraɗi, wasu kan benci, wasu kan babura, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Tikitin wifi suka saya, na awa ɗaya ko na yini. Wannan na kallon ƙwallo, wancan na magana da ɗan'uwansa da ke Libiya, ɗaliba kuma na sauke darasi.

Irin waɗannan wurare da ake kira Wifi Zone sun yawaita a Yamai, Damagaram, Tawa da Maraɗi, musamman tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar cikin shekarar 2025. Sau da yawa jarin daga waje yake zuwa: yaya da ke ci-rani ya tara abin da ya tara, ya turo wa ƙane don ya samu abin yi. Ana zuba kuɗi a kan faranti mai kama tauraron ɗan'adam, da na'urar ruta, da batir, da sola. Idan aka zo kan kebul kuwa, sai a ce a ba da mai arha, ai duk waya ce.

Haka wani ƙanena, ɗan kawuna, ya yi. Yayansa da ke aikin gini a Tamanrasat ta Aljeriya ya turo masa kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Ya kafa faranti a saman shago, ya sa na'urar MikroTik mai fitar da tikiti, sannan ya kafa eriya uku masu watsa wifi: ɗaya kan shagon, ɗaya kan rufin maƙwabci, ta uku can kusa da wata majalisar ƴan kabu-kabu, nisan kimanin mita 130. Cikin sanyin hunturu komai na tafiya. Da zafi ya kama, sai eriyar nesa ta fara mutuwa tana tashi da tsakar rana, ta biyu kuma ta koma jan ƙafa. Ƴan kabu-kabu ba sa jira, suka koma wajen wani mai wifi a layin baya. Yaron ya ɗora laifi kan gajimare, ya ɗora kan ƙura, har ya fara zargin ko an yi masa hannu.

Ma'aikacin da muka kira bai ko ɗaga kai ya dubi farantin ba. Ya yanki guntun kebul, ya fere, ya kankare sili ɗaya da reza. Jan da ke sama ya tafi, fari ya bayyana a ƙasa.

Jan ƙarfe a sama, alminiyam a ciki

Kebul ɗin rezo na ƙwarai sili takwas ne na jan ƙarfe zalla, an murɗe su bibbiyu, wato tagwaye huɗu. Murɗin nan yana da dalili: shi ke sa hayaniyar lantarki da ke shigowa daga waje ta soke kanta. Dabarar tsohuwa ce, Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881 don wayar tarho. Wanda aka sayar wa ƙanena kuwa alminiyam ne aka yi masa shafen jan ƙarfe. Masu sana'ar na kiransa CCA. A ido ba ka rabe su, kuma a jikin kwalinsa an rubuta Cat6 da manyan baƙaƙe.

Alminiyam na ɗaukar lantarki kimanin kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Ga shi da saurin karyewa idan an lanƙwasa, kuma yana yin tsatsa irin tasa a inda ya haɗu da haƙoran kan kebul. Ƙa'idojin da suka tsara Cat5e da Cat6 jan ƙarfe suka ce, don haka kebul na alminiyam bai cancanci wannan suna ba ko da an buga shi a jikinsa. A gajeren zango, tsakanin kwamfuta da ruta a ɗaki ɗaya, zai iya aiki shekaru ba ka gane ba. Abin da ke yaudarar mutane ke nan.

Matsalar na fitowa ne idan kebul ɗin ya yi tsawo kuma yana ɗauke da wuta. Yawancin eriyar waje ba su da wayar wuta daban: cikin kebul ɗin rezo ɗin nan wuta ke bi ta isa gare su, tsarin da ake kira PoE. Ƙa'idar farko ta 2003 ta ba da wat 15.4, ta 2009 ta kai 30, ta 2018 kuma ta kai 90. Amma eriya da yawa masu sauƙin kuɗi volt 24 kawai suke amfani da shi, kuma idan volt ya yi ƙasa, asarar da ake yi a hanya ta fi yawa. Ƙarfe kuma idan ya yi zafi yakan ƙara tauye lantarki. To ka haɗa: alminiyam, mita 130, a shimfiɗe kan rufin kwano cikin watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Wutar da ke isa ga eriyar ba ta ishe ta ba, sai ta mutu ta sake tashi. Ba aljani, ba hannu.

Gwajin ba ya buƙatar digiri. A kankare sili da reza a duba launin ciki. Ko a kunna ashana a ƙarƙashinsa: jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya, alminiyam zai yi laushi ya sunkuya. Ko a ɗaga kwalin, wanda yawanci mita 305 ne, a gwada da wani: na alminiyam ya fi sauƙin nauyi sosai. Ɗan kasuwar da ya hana ka fere ɗan guntu kafin ka biya, ya riga ya ba ka amsa.

Mita 100, ba ƙari

Ko da kebul ɗin na ƙwarai ne, mita 130 ta wuce gona da iri. Tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka fara a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya a 1973, daga baya ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.3, ya tsayar da mita 100 a matsayin iyakar kebul ɗin murɗi tsakanin na'ura da na'ura. A aikin gini akan raba shi: mita 90 cikin bango ko bututu, 10 na guntayen da ke haɗa na'urori. Kuma an yi wannan lissafi ne a kan zafin digiri 20. A ƙasarmu, mai hankali ba ya kai wa iyakar.

Lambobin da ke jikin kebul na nufin abin da zai iya ɗauka. Cat5e na kai gigabit ɗaya, wato megabit 1,000 a daƙiƙa, har mita 100. Cat6 na iya kai gigabit 10 amma zuwa kimanin mita 55, Cat6A kuma ya kai gigabit 10 ɗin har mita 100. Ga mai Wifi Zone, Cat5e na jan ƙarfe zalla ya wadatar, kuma ya fi Cat6 na ƙarya nesa ba kusa ba. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne riga: kebul ɗin cikin ɗaki mai launin toka ko shuɗi rana na cinye rigarsa, ta tsattsage, ruwan damina ya shiga. Na waje baƙi ne mai kauri, an yi shi don jure rana.

Eriya ta biyu kuwa ciwonta a kai yake. Da aka sa na'urar gwaji, fitilu bakwai suka kama, ɗaya ta ƙi. Megabit 100 tagwaye biyu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai da duka huɗu. Sili ɗaya ya kuskure, na'urorin biyu ba za su yi maka ƙorafi ba, sai su sauka zuwa 100 su ci gaba, idan haɗin ya ƙara lalacewa su sauka zuwa 10. Jerin launuka da aka fi bi, T568B, shi ne: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Akwai yaran da suka koyi aikin da ido, suna jera launuka yadda suka ga dama, in dai kai biyun sun yi daidai da juna. Fitila za ta kama, amma an raba tagwaye, amfanin murɗin ya tafi, kuma sai kebul ya yi tsawo abin ke nunawa. Haka ma warware murɗin fiye da milimita 13 kafin a matse kan.

Iska ta kowa ce

Saura rabin matsalar a iska take. Wifi ƙa'ida ce ita ma ta IEEE, mai lamba 802.11. Ta fara a 1997 da megabit 2, ta kai 11 a 1999, aka zo 802.11n a 2009 wadda yanzu ake kira Wi-Fi 4, sai Wi-Fi 5, Wi-Fi 6, har Wi-Fi 7 da aka fara ba wa na'urori shaidarta a farkon 2024. Sai dai duk ci gaban, abu ɗaya bai sauya ba: masu amfani da tasha ɗaya layi suke bi, kamar mata a bakin famfo. Wanda ke nesa da eriya, ko mai tsohuwar waya, shi ne mai tulu da ƙaramin baki, yana daɗewa a kan famfo, kowa na jira.

A zangon gigahaz 2.4, wanda kusan kowace waya ke kamawa, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Eriyar ƙanena guda uku duk a kan tasha ɗaya suke, an buɗe musu ƙarfi har ƙarshe, ga ta maƙwabcin layin baya ita ma a nan. Mutane na ɗauka ƙara ƙarfi ne magani. Amma ko eriya ta yi ihu har wayarka ta ji, wayar ba ta da muryar da za ta amsa daga nesa. Shi ya sa za ka ga sanduna cike a kan waya, saƙo kuma ya ƙi tafiya.

Zangon gigahaz 5 ya fi faɗi da sauri, sai dai ba ya nisa kuma katanga na cin sa. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen Birnin Damagaram, ko siminti mai rodi, ko ƙofar ƙarfe, duk suna rage shi ƙwarai. Na'urar ƙara zango mai rediyo ɗaya kuma, wadda ake maƙalawa a bango ba kebul, tana raba saurin kusan biyu, don ita ke karɓa ita ke sake faɗa a tasha ɗaya.

A kula da rubutun kwali. AC1200 ba ya nufin wayarka za ta samu megabit 1,200: an haɗa 300 na zango ɗaya da 867 na ɗayan ne aka cika lissafi. Wasu daga cikin irin waɗannan na'urori ma ramin kebul ɗinsu megabit 100 ne iyakarsa. Ga kuma tsohuwar rikita tsakanin megabit da megabait: takwas na farko ne ke ba da ɗaya na biyu.

Ga mai son haɗa gida da gida ko tsallaka titi, akwai abin da damina ke koyarwa. Kebul na ƙarfe da aka rataya tsakanin gini biyu hanya ce ga tsawa, ko ba ta faɗo kansa kai tsaye ba, tana iya ƙona ramukan na'urori a ɓangarorin biyu. Fibir optik, zaren gilashi mai ɗaukar haske, ba ya ɗaukar lantarki ko kaɗan, kuma da ƙananan na'urori na yau da kullum yana kai kilomita 10. Illarsa ga ƙaramin mai sana'a ita ce haɗa shi na buƙatar kayan aiki na musamman, sannan eriyar da ke can ƙarshe sai an nema mata wutarta.

Wannan zaren shi ke riƙe da ƙasar ma baki ɗaya. Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗin kamfanonin waya na biyowa ta ƙasa daga inda manyan kebul na ƙarƙashin teku ke sauka, irin su Kwatano da Legas. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun ji a jikinsu. Aikin shimfiɗa fibir na ƙetare Sahara da Bankin Raya Afirka ya tallafa, mai sama da kilomita 1,000 a ɓangaren Nijar, na nufin ƙara ƙofofi ta Aljeriya, Cadi da Najeriya. Shi kuma mai sayar da tikiti a unguwa, ya kamata ya san sana'arsa na ƙarƙashin hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, ya je ya tambayi takardun da ake buƙata tun kafin ya kafa sanda. Ga iyayen gida da ke turo kuɗi daga waje kuwa, a gani na tambayar da ta fi "nawa ne kebul?" ita ce a turo musu hoton silin da aka kankare.

Ƙanena bai da kuɗin fibir. Ya sayi kebul na waje na jan ƙarfe, bayan ya fere ya gani da idonsa a gaban mai shago, ya dawo da eriya ta uku zuwa mita 80, aka sa kebul ɗin cikin bututu, aka raba tashoshi 1, 6 da 11, aka rage ƙarfin kowace. Kafin nan sai da ya kira Tamanrasat ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai an ƙara." Yayan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a jira ƙarshen wata.

Wasu daga cikin ƴan kabu-kabun sun dawo, wasu sun saba da layin baya. Ragowar tsohon kebul ɗin yanzu yana tsakar gidan kawu, Inna na shanya a kansa.