Shiga Dajin Baturiya a Kwalekwale, da Kalmomin da Ake Ji a Can

Kogin Haɗejiya ba ya bin hanya ɗaya idan ya wuce garin Haɗejiya. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma tsofaffin jigayi sun gitta ta, saboda haka ruwa ya kan rarrabu cikin kwaruruka, wani ya bi Marma ya nufi tabkin Nguru, wani ya gangara ya tarar da Kogin Jama'are kafin Gashuwa. Daga nan ne ake kiransa Komadugu Yobe. Kalmar "komadugu" kuwa ta Barebari ce, ma'anarta kogi. Dajin Baturiya yana cikin wannan fadama, a Jihar Jigawa.

Daga Agusta zuwa Satumba ruwa ya kan cika ya malale gindin itatuwa, har wurin da makiyayi ya bi da shanunsa da rani ba ya shiguwa sai a kwalekwale. Amma mai son ganin tsuntsaye da yawa gara ya dakata sai kaka ta wuce, watau sa'ad da ruwa ya soma janyewa, tsuntsaye suka taru a tafkunan da suka rage. Da asuba ake fita, kafin iska ta tashi. Ruwan ba shi da zurfi ƙwarai, don haka matuƙi ya fi dogara da gora bisa ga filafili: ya kafa ta a ƙasa, ya tura. A nan malami zai sami misali mai kyau ga ɗalibansa, gama gora biyu ce a kan ruwan. Akwai ta hannun matuƙi, wadda take tamace, akwai kuma goran da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo, wanda yake namiji. Rubutun boko ya haɗa su, jinsi da karin sauti suka raba su.

Itatuwan da ke jure tsayuwa cikin ruwa su ne bagaruwa da giyayya. Goruba da kanya da tsamiya sun fi son tudu, saboda haka wanda ya san su yana iya gane inda tsibiri yake tun daga nesa.

Tsuntsayen wurin iri biyu ne ga mai lura. Akwai 'yan gida, irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela, kowanne da sunansa tabbatacce a bakin masunta. Akwai kuma baƙi, agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa waɗanda ke hayayyafa a Turai da arewacin Asiya, su ƙetare Sahara wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Shamuwa ita ma baƙuwa ce, amma tafiyarta ta saɓa da tasu: daga kudu take zuwa, da farkon damina, ta yi sheƙa a cikin gari kusa da mutane. Shi ya sa kowane yaro ya san sunanta, alhali agwagin Turai sau da yawa a kan tattara su ƙarƙashin suna ɗaya. Mai tattara kalmomi kuma ya kula da wanda yake tambaya, domin Bade da Mangawa da Fulani duk suna zaune a fadamar. Badanci ɗan'uwan Hausa ne cikin harsunan Cadi, amma sunan da Babade ya faɗa cikin zancen Hausa ba lalle ne ya zama na Hausa ba.

Saboda tsuntsayen nan ne aka sa tabkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya da Dagona kuma a 2008.

To, sai dai ambaliyar ba kamar dā take ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a sama da Haɗejiya. Madatsa tana riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har cikin rani. Wannan ya jawo ɓarna biyu. Ruwa ya rage hawa tudu inda ƙananan itatuwa ke bukatarsa, sa'an nan kwarurukan da dā suke bushewa kowace shekara suka daina bushewa. Kacalla ba ta son kome kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, sai ta cika su, ta tare laka, ta toshe hanyar kwalekwale. Janbaki kuma ya sami wurin kwana a cikinta, daga can yake faɗa wa gonakin shinkafa. Kogin Jama'are ne har yanzu yake kawo ambaliya irin ta asali, domin madatsar Kafin Zaki da aka shirya yi masa ba a gama ta ba.