An Gina Matata a Adagya, Amma Ina Najasar Bantama Take Zuwa?

A shekarar 2021 aka buɗe matatar ruwan najasa ta Kumasi a Adagya, kudu da gari, kusa da masana'antar da ke mayar da shara taki. Kamfanonin Jospong, iyayen gidan kamfanin kwasar shara na Zoomlion, su suka gina ta tare da kamfanin Pureco na ƙasar Hungari, kuma an tsara ta karɓi lita miliyan 1 kowace rana. Idan motar kwasar masai tana ɗaukar lita 10,000, lodi 100 ke nan. Kafin wannan, yawancin motocin nan Dompoase suke nufa, su juye a kududdufan da aka haƙa gefen bolar Oti. Kududdufan sun sha kaya fiye da ƙarfinsu, ruwan da ke fita daga cikinsu kuwa kogin Oda yake gangarawa, kogin da ƙauyuka da manoma ke amfani da shi.

Akwai kuma aikin Asafo. Tun 1994 unguwar ke da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kai ƙazantar gidaje zuwa kududdufan tacewa, abin da ƙalilan ne daga unguwannin Kumasi suka samu. A 2020 Bankin Duniya ya ƙara dala miliyan 125 a shirin tsafta da ruwan sha da aka fara a Akara, domin a faɗaɗa shi zuwa Kumasi. Shirin ya ƙunshi gyara da faɗaɗa bututun Asafo, haka ma rangwamen kuɗin gina ban ɗaki a gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Duk wannan abin a yaba ne. Sai dai mazaunin Bantama, ko Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, ya san cewa babu bututun da ya tashi daga ɗakinsa zuwa Adagya. Matata ba ta zuwa gida ta ɗauka, kai mata ake yi. Abin da ya haɗa masai ɗinmu da ita mota ce da direba, da kuma mai gidan da ya yarda ya biya kuɗin yasa. Nan ne igiyar take tsinkewa.

Kowa ya san yadda ake yi a gidan haya mai ɗaki goma sha. Masai ya cika, mai gida ya ce 'yan haya su haɗa kuɗi, 'yan haya su ce ai suna biyan haya. Ana cikin jayayya sai hadari ya haɗo, wani ya fasa gefen rami da dare ya saki abin cikin kwata, wai ruwan sama zai tafi da shi. Yana tafiya da shi kuwa, amma ba nisa. Kwata tana zuba a rafin Subin ko na Aboabo, idan an yi ambaliya ta dawo tsakar gidan maƙwabci, ta shiga rijiya, ta taɓa bututun famfon da ya huje. Can ƙasa kuma masu lambu na ɗibar ruwan rafi su ba latas da kabeji, washegari su iso kasuwa. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, kuma ta sake ɓullowa a ƙarshen 2024. Taifot kuwa ba ta jiran annoba, kullum tana nan.

Sabon salon ban ɗakin nan mai ƙaramin akwati, wanda ake cewa ba ya cika, shi ma yana da tasa matsalar. Idan ƙwararre ya gina shi, ya haƙa masa ramin da ruwan zai tsotse cikin ƙasa, yana aiki. Amma magina da yawa bututu kawai suke jawowa su saka a kwata. Ruwan ya fito garau, ba wari sosai, sai a ɗauka ya tsarkaka, alhali ƙwayoyin cuta na ciki. Mai shirin ginawa ya tambayi magini tun kafin a sa bulo: ruwan ina zai bi?

A matata, da farko ana tare tarkace, sannan a raba kauri da ruwa, a bar wasu ƙwayoyin halitta su cinye dattin da ke cikin ruwan kafin a sake shi. Abin da ke wahalar da injin, kuma yake toshe tiyon mota tun a ƙofar gida, shi ne ledar ruwa, tsumma, ƙunzugun yara da audugar mata da muke jefawa a rami. Su ne kuma ke sa masai saurin cika, kuɗin yasa ya ƙaru. A ajiye musu kwandon shara a ban ɗaki.

Idan an kira mota, a kira tun rami bai batse ba, a rubuta lambarta, a tambayi direba inda zai juye. Wanda ya faɗi farashi mai araha ƙwarai, a yi tunani: wataƙila a daji ko bakin rafi zai sauke. Duk wanda ya ga ana haka ya kai ƙara wurin jami'an duba-gari na hukumar birnin Kumasi (KMA) ko na ƙaramar hukumar Asokore Mampong, ko ya sanar da ɗan majalisar unguwa. Sarakunan Zango da limamai na iya sa baki a rigimar mai gida da 'yan haya, a yanka wa kowane ɗaki abin da zai riƙa ajiyewa duk wata.

Kada kuma a tura yaro ko lebura ya shiga ramin masai da bokiti. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Idan wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 112, a buɗe murfin gaba ɗaya iska ta shiga, a jira su iso.