Mayafin Tebur a Gida da Majami'ar Hausawa Kirista: Misali daga Ƙauyen Alu da Kewayenta

A wannan takarda muna so mu jawo hankalin masu nazari ga wani abu da ba a cika waiwayarsa ba, wato ƙyallayen da ake shimfiɗawa a kan teburin biki da na ibadar Kirista, da kuma rashin tsayayyun sunayensu a Hausa. Mun ɗauki misalanmu daga Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da Tarauni, unguwannin da akasarin mazaunansu Musulmi ne, amma akwai gidajen Kirista jefi-jefi.

Kamar yadda aka sani, Bahaushe a kan tabarma ya gāji cin abinci, kuma faifai ne marufin ƙwaryarsa. Tebur da mayafinsa baƙi ne, sun shigo ta hanyar Turawan mishan da makarantun 'yan mata, inda aka koyar da ɗinki da saƙar kwarashi. Shi ya sa a gidajen da muka leƙa, mayafin yakan yi shekara a akwati, ba ya fitowa sai ran Kirsimeti ko Ista ko bikin aure. Abincin da ake aika wa maƙwabta kuwa, da ƙaramin ƙyalle ake rufe shi, wato aikin faifai ne ya koma kansa.

A majami'a al'amarin ya wuce ado. Littafin addu'a na Angilika na 1662 ya wajabta shimfiɗa farin lilin a kan teburin Jibin Ubangiji. 'Yan Katolika sun daɗe suna shimfiɗa uku a kan bagadi, har bayan babban taron Fatikan na 1962 zuwa 1965, lokacin da aka wadatu da fari guda ɗaya. Kirista suna danganta wannan da likkafanin lilin da suka yi imani Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe jikin Yesu da shi. Ban da wannan babba, akwai ƙananan da kowanne da aikinsa: murabba'in da ake ɗora ƙoƙo da faranti a kai, wanda ake ninkewa gida tara don kada ɓurɓushin gurasa ya zube, sai na goge bakin ƙoƙo, sai na rufe shi. A Katolika ba a haɗa su da sauran wanki. Ruwan ɗaurayar farko ma a ƙasa mai tsabta ake zubarwa, ba a kwata ba. Ƙyallen da ke rataye a gaban bagadi shi ke sauya launi: shunayya a makonnin jiran Kirsimeti da azumin kwana 40, fari ran Kirsimeti da Ista, ja ran Fentikos, kore a sauran lokuta. Ikklisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SIM, wato ECWA da aka kafa a 1954, ba su da wannan tsari. Farin mayafi ɗaya kan farantan Jibi ya isa.

To, lilin dai ba tsiron ƙasar Hausa ba ne, kalmar ma aro ce, ko da yake ta zauna a Littafi Mai Tsarki. Abin da ake samu a Kantin Kwari farin yadin auduga ne ko shadda, kusan duk daga waje, tun da masaƙun Sharaɗa da Bompai suka durƙushe. (Abin mamaki ne garin da ya yi suna da saƙi da rinin Ƙofar Mata a ce bai saƙa wa kansa wannan ɗan ƙyalle ba.)

A nan ne matsalar suna take fitowa. Matar da ta kai yadi wurin tela a Tarauni, sau da yawa Musulmi, ba ta da kalmar da za ta bambanta masa ƙyallen ƙoƙo da hankici, sai ta koma ga Ingilishi ko nuni da hannu. Tela ya ɗauka ado ake so, ya cika shi da sirfani mai kauri, alhali wanda zai goge ƙoƙo taushi da shan ruwa ake nema gare shi. A ganinmu ba sai an yi aro ba. Muna ba da shawarar mayafin bagadi ga babban, shimfiɗar ƙoƙo ga mai ninki tara, magogin ƙoƙo ga na gogewa. Na rufewa kuwa, tun da taurara shi ake yi a ɗora bisa bakin ƙoƙo don ƙura da ƙuda, muna ganin faifan ƙoƙo ya fi dacewa da shi, in fastoci da Zumuntar Mata, waɗanda su ke wankewa su goge, sun amince.