Game of Thrones: Ƙananan abubuwan da suka riƙe babban fim

A DAREN Lahadi, 5 ga Mayu, 2019, tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na 4 na zangon ƙarshe na shahararren shirin nan mai dogon zango, Game of Thrones. Ana cikin wani sin na walima a fadar Winterfell, mayaƙa na ta shagalin cin nasarar yaƙi, sai ga wani kofin takarda na shan gahawa, irin wanda ake sayowa a kanti, zaune daram a kan tebur a gaban jaruma Emilia Clarke. Bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba a allo, amma kafin gari ya waye hotonsa ya zagaye duniya ta intanet. Sai da HBO ta fito ta amsa cewa kuskure ne, sannan ta sa aka goge kofin da kwamfuta.

To, wai me ya jawo wannan hayaniya haka? Ai ba yau aka fara mantuwa a fim ba. Amsar ita ce, masu shirin ne da kansu suka koya wa 'yan kallo sa ido. Shekara takwas suna nuna masu cewa duk abin da aka ajiye a gaban kyamara da dalilinsa, tun daga ɗinkin riga har zuwa sautin kiɗa. Wanda aka yi wa irin wannan horo kuwa, ko allura aka yar sai ya gan ta.

Ga wanda bai san shirin ba, an ɗauko shi ne daga jerin littattafan almara na marubuci George R.R. Martin, Ba'amurke, waɗanda ya sa wa suna A Song of Ice and Fire. Na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011. David Benioff da D.B. Weiss ne suka mayar da su fim, aka fara nunawa ran 17 ga Afrilu, 2011, aka kammala ran 19 ga Mayu, 2019. Zango 8, kashi 73, da kambin Emmy har 59. Labarin gidajen sarauta ne da ke kashe juna a kan karagar mulkin wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Westeros. Sai dai fa a sani, shiri ne na manya, akwai zubar da jini da tsiraici, ba a kunna shi a gaban yara.

Taswirar da ba ta zama wuri ɗaya

Yawancin 'yan kallo da zarar an fara jero sunaye sai su danna rimot su wuce. A wannan shirin, wanda ya yi haka ya yi asara. Buɗewar taswira ce ta ƙasar, garuruwa na tasowa daga ƙasa kamar kayan cikin agogo, kuma garuruwan da ake nunawa suna canzawa daidai da inda labari ya nufa. Kamfanin Elastic ne ya yi aikin a ƙarƙashin Angus Wall, har ya ci Emmy a 2011.

Abin burgewar shi ne, taswirar tana bin labarin sau da ƙafa. Da aka ƙone Winterfell, gidan zuri'ar Stark, sai aka koma nuna garin yana hayaƙi. Da gidan Bolton suka mamaye shi, sai tambarinsu na mutumin da aka feɗe ya hau kan fadar. A kashin ƙarshe na zango na 6, bayan 'ya'yan Stark sun ƙwato gidansu, sai ga tambarin kyarkeci ya dawo mazauninsa. Babu wanda ya yi sanarwa. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Barewa da kyarkeci

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ita ma wadda za ta ɓaci haka ne. A kashin farko, Ned Stark da 'ya'yansa sun tarar da mushen wani namijin barewa a hanya, can gaba kuma ga wata ƙatuwar kyarkeci ta mutu da ɓallin ƙahon barewar a maƙogwaronta, ta bar 'ya'ya shida. Kyarkeci shi ne tambarin gidan Stark, barewa kuma na gidan Sarki Robert Baratheon. Kafin zangon ya ƙare, Robert ya mutu, Ned ma an sare masa kai, kuma amintakarsa da sarkin ce ta kai shi fadar da aka halaka shi. Wannan yana cikin littafin, masu fim sai suka riƙe shi da kyau.

Amma sun ƙara nasu. A kashi na 7, inda aka fara nuna Tywin Lannister, dattijon da ɗan wasa Charles Dance ya fito a matsayinsa, an same shi a cikin tanti yana feɗe barewa da hannunsa, yana yi wa ɗansa Jaime faɗa a kan mutuncin gida. Ko ɗaga kai ba ya yi sosai, wuƙa kawai ke aiki. A cikin wannan kashin ne Sarki Robert ya cika, mulki ya koma hannun jikan Tywin. Barewar gaske ce fa aka kawo wa Dance ya feɗe. Sin ɗaya ya gaya wa mai kallo ko wane ne wannan mutum, da abin da gidansa ke shirin yi wa gidan barewa.

Kiɗan da ya zama saƙon mutuwa

Duk wanda ya kalli shirin ba zai manta da kashi na 9 na zango na 3 ba, wanda aka nuna ran 2 ga Yuni, 2013, inda aka yi wa Robb Stark da matarsa mai ciki da mahaifiyarsa Catelyn kisan gilla a wajen biki. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba a kallon farko shi ne yadda aka daɗe ana shirya kunnensu.

Akwai wata waƙa ta gidan Lannister mai suna The Rains of Castamere, wadda ke ba da labarin wani gida da Tywin ya shafe daga doron ƙasa. Tun a zango na 2 aka ji Tyrion yana fito da ita. Daga baya aka ji sojoji suna rera ta kafin yaƙin Blackwater. Ana saura kashi ɗaya bikin, Cersei ta yi wa Margaery bayanin ma'anarta cikin sigar barazana. Don haka lokacin da aka rufe ƙofofin zauren biki, makaɗa suka sauya kiɗa zuwa wannan waƙa, gaban mai kallo ya faɗi tare da na Catelyn. Waƙar abokan gaba a bikin ƙaninta? Sai ta dubi Roose Bolton da ke zaune kusa da ita, ta ɗaga hannun rigarsa, ta ga sulke a ciki. Wa ke zuwa cin biki da sulke? Shi kenan, ta gane an ci amanarsu. A littafin, hannun wani ɗan gidan Frey ta kama ta ji sulken. Masu fim suka mayar da shi Bolton, mutumin da 'yan kallo suka sani a matsayin na hannun daman Robb, don abin ya fi ciwo. Da kashin ya ƙare, sunaye suka hau allo shiru, babu kiɗa ko kaɗan.

Mai kiɗan shirin, Ramin Djawadi, ya sake irin wannan dabara a 2016. Zango biyar da ɗoriya bai sa fiyano ya ja kiɗa ba, sai a sin ɗin da Cersei ke shirin tarwatsa babban wurin ibadar birnin da maƙiyanta a ciki. Jin baƙon sauti kawai ya isa ya gaya wa kunne cewa yau akwai magana.

Dutse ɗaya ya ɓace

A zango na 4, kashi na 2, wanda Martin da kansa ya rubuta, an sa wa Sarki Joffrey guba a ranar aurensa. Wa ya sa? 'Yan kallo suka yi ta cacar baki, alhali an nuna masu komai ƙiri-ƙiri. Tsohuwa Olenna Tyrell, kakar amarya, wadda marigayiya Diana Rigg ta fito a matsayinta, ta zo wajen Sansa Stark tana yi mata ta'aziyyar yayanta, tana shafa mata kitso, tana gyara mata sarƙar wuya. Wanda ya tariyo baya ya tsayar da hoton zai ga bayan ta janye hannunta dutse ɗaya ya ɓace daga jikin sarƙar. Ashe gubar ce a ciki. A littafin, duwatsun suna jikin ragar gashi ne da Sansa ta sa a ka. Aka mayar da ita sarƙa, wadda ta fi fitowa a kyamara.

Riga ma tana magana

Michele Clapton ce shugabar sashen sutura a kusan dukkan zangunan, tare da gwanar aikin allura Michele Carragher. Rigar da Sansa ta sa ranar da aka yi mata auren dole da Tyrion Lannister tana da wani zanen ɗinkin hannu da ya zagaye jiki. Ya fara da kifi da kyarkeci, wato tambarin gidan uwarta da na ubanta, a hankali zakin Lannister ya danne su, har aka ƙare da kan zaki a bayan wuyanta. Aikin kwana da kwanaki ne, kuma da ƙyar ake ganinsa a allo.

Kitso ma haka. Lokacin da Sansa ke sha'awar zama sarauniya, gyaran gashinta irin na Cersei ne. Da ta shaƙu da Margaery, sai ta koma irin nata. Ita kuwa Daenerys, kitsonta ƙaruwa yake yi yayin da take cin garuruwa, bisa al'adar ƙabilar mijinta, Dothraki, waɗanda ba sa yanke gashi sai an ci su da yaƙi.

Wani abin dariya kuma, a wata lacca da ta gabatar a Los Angeles a 2016, Clapton ta tona cewa wasu daga cikin manyan mayafan gashin da dakarun tsaron Katanga ke yafawa, dardumomi ne na kantin IKEA. Yanka su aka yi, aka aske, aka rina, aka tsofar da su har suka yi kamar an shekara ana shan sanyi da su.

Harshen da ba a taɓa yi ba

A littattafan, 'yan kalmomi kaɗan ne na harshen Dothraki. Da a ce wasu ne, sai a ce wa 'yan wasa su yi ta gwalan-gwalan kawai. Nan kuwa gasa aka sa a 2009, masanin harshe David J. Peterson ya ci, ya gina harshen da nahawunsa da kalmomi sama da 3,000, sannan ya ƙara da na Valyria.

Amfanin wannan wahala ya fito a zango na 3, a birnin Astapor, wanda aka ɗauka a Essaouira ta ƙasar Maroko. Daenerys ta je cinikin bayi mayaƙa 8,000. Mai bayin yana ta zaginta da harshensa, tafinta Missandei tana tausasa maganar kafin ta fassara. Sai da ciniki ya faɗa, ta karɓi bulalar mulkin rundunar, sannan ta juya ta ba da umarni da harshen Valyria tiryan-tiryan. Ashe harshen gidansu ne, duk zagin nan tana ji! A kallo na biyu, mutum zai so ya bar karanta fassarar ƙasan allo ya tsura wa fuskarta ido a duk lokacin da gogan naka ya saki baki.

Barewar katako

Wani lokacin ƙaramin abu ne ke ɗauke da hawayen labari. Davos, tsohon ɗan fasa-ƙwauri, ya sassaƙa wa yarinya Shireen wata 'yar barewa ta katako, ita da ta koya masa karatu. Bayan tafiyarsa, ubanta ya yarda aka ƙone ta da rai don neman nasarar yaƙi. An ɓoye wa Davos. Sai bayan zango guda cur, yana yawo cikin ƙanƙara da asuba, ya ga tokar wata tsohuwar wuta, ya tsinci barewar a ciki ta yi baƙi. Bai ce uffan ba. Mai kallo ma ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Inda aka yi sake

Daga zango na 6 labarin fim ya wuce inda littattafan suka tsaya. Zangunan farko kashi goma-goma ne, na 7 ya dawo bakwai, na 8 shida. Kuɗi kam an zuba, don an ruwaito cewa kowane kashi na zangon ƙarshe ya ci kimanin dala miliyan 15. Amma 'yan kallo da yawa sun yi ƙorafin an yi gaggawa, tafiyar da a da ke cin zango guda ta koma ta minti biyar, halayen mutane na juyawa ba tare da an shimfiɗa dalili ba. Bayan kofin gahawa, a kashin ƙarshe ma an hango robobin ruwa a gindin kujerun 'yan wasa. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a wata takardar koke a intanet wai a sake zangon. Kofin dai ya zama abin nuni ne ga masu ganin cewa kulawar da aka san shirin da ita ta ragu.

A nan akwai abin dubawa ga masu shirya finafinan Hausa, musamman masu fim ɗin sarauta da na zamanin da, da masu mayar da littafi fim, aikin da aka fara tun Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976. Kullum kukan shi ne babu jari, kuma gaskiya ne, ba wanda zai ce a yi dodanni masu aman wuta da kuɗin da ake da shi. To amma nawa ne kuɗin dutse ɗaya a sarƙa? Nawa ne kuɗin 'yar barewar katako? Cire agogo daga hannun dogari, ko kauce wa turken lantarki a bayan fadar sarkin shekara ɗari biyu da suka wuce, ba ya cin ko kwabo. Abin da yake ci shi ne lokaci, da mai kula da kwantiniti da ya san aikinsa, da daraktan da ya karanta labarin tun daga farko har ƙarshe kafin ya fita lokeshin. Da yayyafi kogi kan cika, kuma ɗan kallon yau rimot na hannunsa, ya iya tariyowa.