Iya Latsa Waya Daban, Iya Bincike Daban

Na gaji da jin wata magana a bakin iyaye, har da wasu malamai, wai yaran yanzu ba sai an koya musu bincike ba tunda da waya a hannu suka tashi. "Ai komai yana Google," in ji su. Da wannan tunani aka sakar wa ɗalibai ragama, har ta kai ɗan ajin ƙarshe a jami'a yana zuwa shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta ya sayi firojet sukutum, a sauya masa suna da sunan gari, ya miƙa wa malami ko gezau.

Sanin makamar bayanai ba wani dogon turanci ba ne. Mutum ya san abin da yake nema, ya san inda zai same shi, ya auna ingancinsa, ya kuma faɗi inda ya ɗauko.

To, ina saurin yatsa ya taɓa koya wa mutum wannan? A watan Agusta na 2014 saƙo ya karaɗe Najeriya cikin dare, wai a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha, maganin Ebola ne. Ta waya ya bi, kuma masu ilimin boko ba a bar su a baya ba wajen tayar da 'yan uwa da asuba. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Ko a ƙasashen da ake ganin sun ci gaba haka abin yake. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun gwada dubban ɗalibai, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya bambance talla da labari a shafin intanet ba. Yaran da suka buɗe ido cikin kwamfuta ke nan fa.

Zuwan ChatGPT a ƙarshen 2022 ya ƙara dagula lissafi. Wannan manhaja tana jera kalmomin da suka saba bin juna ne, don haka tana iya ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara, su zauna daram kamar gaske, alhali babu su. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙira. Lauyoyi ke nan, ina ga ɗan aji biyu?

Abin da ya fi ba ni haushi, mu bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Yaron da ya zauna a Islamiyya ya san hadisi ingantacce da mai rauni, ya san malamai irin su Imamu Bukhari ba sa karɓar magana sai sun bi diddigin wanda ya faɗa da wanda ya faɗa masa. Amma shi ne zai tura saƙon murya na WhatsApp zaure goma bai san ko muryar wa ce ba.

Akwai ƙarancin sababbin littattafai a laburare, da tsadar data, da cunkoson aji, ban musa ba. Sai dai mafi yawan gyaran ba kuɗi yake ci ba.

Malam, fara da tambayar. Kada ka yarda ɗalibi ya kawo maka "matsalar ruwa a Najeriya", don wannan kwafe kawai yake haifarwa. Ka matse shi har ya dawo kan nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a unguwarsu, da dalilin tashin farashin da bazara. Wannan dole ya fita da biro da takarda ya tambayi mutane. Sannan ka nuna masa a aikace, da wayarsa a cikin aji, cewa abin da ya fito a saman Google sau da yawa talla ne. In ya buɗe shafin da bai sani ba, ya dakata da karantawa, ya buɗe wani gefe ya bincika su wane ne masu shafin, me wasu ke cewa a kansu. Wikipedia ba haramun ba ce, amma ya gangara ƙasa ya bi madogaran da aka jera. Hoto kuwa ya saka shi a Google Lens ya ga yaushe ya fara yawo, domin sau nawa ake ɗauko tsohon hoton wata ƙasa a ce jiya ne a garinmu? Jita-jita ya leƙa Dubawa ko Africa Check. Maƙalun ilimi ya nema a Google Scholar da African Journals Online. Mai aikin tarihin Arewa kuma ya taka zuwa Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai fayilolin da ba a taɓa ɗora su a intanet ba.

Ranar karɓar aiki, zaɓi madogara biyu daga jerin da ya rubuta a ƙarshe, ka ce ya buɗo su ya nuna maka shafin da ya ɗauko maganar. Ka ba shi minti biyar ya bayyana da bakinsa, ko da Hausa ne, abin da marubucin ya ce da abin da shi ɗalibin ya ƙara. In ya kasa, mayar masa da takardunsa ya sake, kuma kada ka saurari roƙon kawunsa.