Return of the Jedi: An Biya Bashin Ɗa da Uba, Saura Kuwa Sai Haƙuri

Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, kuma ba wanda ya san nauyinsa kamar mai ba da labari kashi uku. A kashi na farko yana da damar buɗe ƙofofi yadda ya ga dama, a na biyu ya ƙara dagula al'amura, amma in ya zo na uku, ranar biyan bashi ta yi ke nan. Irin wannan rana ce ta riski George Lucas, Ba'amurken nan mai shirya finafinai, ran 25 ga Mayu 1983, sa'ad da aka fara nuna Return of the Jedi, watau Dawowar Jedi, cikon na uku na labarin yaƙin sararin samaniya, Star Wars, wanda ya faro a 1977.

Bashin kuwa ba ƙarami ba ne. Kashi na biyu, The Empire Strikes Back na 1980, ya tashi ya bar 'yan kallo cikin zullumi. 'Yan tawaye sun sha kashi a hannun Daula. An daskarar da Han Solo kamar gunki, an tafi da shi wurin Jabba mai binsa kuɗi. Uwa uba kuma, Darth Vader, azzalumin nan mai baƙin kwalkwali, ya sare wa Luke Skywalker hannun dama, sa'an nan ya shaida masa cewa shi ne mahaifinsa. Shekara uku cur jama'a suna gardama, gaskiya ya faɗa ko kuwa yaudara ce.

To, an biya? Bari mu fara da inda aka gaza, don ba kaɗan ba ne.

Lucas da abokin rubutunsa Lawrence Kasdan sun sake gina wa Daula makamin nan mai tarwatsa duniya guda, Tauraron Ajali, wanda aka riga aka fasa a 1977, suka kuma sa aka sake fasa shi. Ɗumamen tuwo ne, ko da yake an zuba masa man shanu, don ƙwarewar haɗa hoton yaƙin kumbuna ta sa fim ɗin ya sami lambar Oscar ta musamman a 1984. Sa'an nan ga batun Gimbiya Leia. A kashi biyun farko an bar mu muna zaton Luke da Han za su yi takara a kanta. Maimakon a warware wannan ƙulli, sai aka ce ai Leia tagwaiyar Luke ce, shi ke nan magana ta mutu. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun saba da 'yan'uwan da aka raba tun suna jarirai, amma can akan nuna mana rabuwar tun farko, a bar mu muna jiran haɗuwar. Nan kuwa zama kawai aka yi a bakin kurmi, fatalwar Obi-Wan ta ba da labari.

Shi kansa Han Solo, bayan an ɓata wajen sulusin fim ɗin ana ceto shi daga gidan Jabba, sai aka rasa aikin da za a ba shi. Harrison Ford, wanda ya fito a matsayinsa, ya sha faɗin cewa ya nemi a kashe Han don labarin ya yi nauyi, Lucas ya ƙi. Gary Kurtz, furodusan kashi biyun farko wanda bai yi na ukun ba, ya yi zargin cewa cinikin kayan wasan yara ne ya fara jan ragamar labarin. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Ewok, wasu 'yan halittu gajeru masu gashi buzu-buzu, waɗanda suka fatattaki sojan Daula da duwatsu da gungumen itace a kurmin Endor (a dazuzzukan arewacin Kalifoniya aka ɗauki wurin). Lucas ya ce yaƙin Biyetnam ne a ransa, inda masu ƙaramin makami suka gagari Amurka. Manufar ta yi kyau, amma da wuya mai kallo ya ji tsoron Daular da 'yan tsana suka yi wa dukan kawo wuƙa.

Da nan fim ɗin ya tsaya, da sai a ce kasuwa ce kawai aka ci. Amma akwai wani ɗaki guda, fadar Sarkin Daula, inda mutum uku kaɗai suke, kuma can ne aka biya bashin na gaskiya.

Malaman Luke biyu, Yoda da Obi-Wan, sun riga sun yanke ƙauna daga Vader, abin da suke so shi ne yaron ya je ya gama da shi. Luke ya ce ba zai kashe ubansa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya miƙa kansa ga abokan gaba da ƙafarsa, yana sa ran akwai sauran alheri a zuciyar tsohon. Sarkin kuwa, wanda Ian McDiarmid ya fito a matsayinsa alhali bai kai shekara 40 ba, ba ya bukatar takobi. Zuga ce makaminsa, so yake Luke ya fusata ya kashe uban, ya gaje kujerarsa ta bauta. Dabarar ta kusa ci. Da Vader ya ambaci cewa zai janye 'yar'uwar tasa zuwa ga sharri, sai Luke ya far masa da sara ba ji ba gani, har ya guntule masa hannun dama. Nan ya ga wayoyi suna leƙowa daga dungulmin, ya dubi nasa hannun na ƙarfe da aka dasa masa, ya gane cewa hanyar da uban ya bi ita ce shi ma ya ɗauko. Sai ya jefar da takobin hasken.

A lura, jarumin fim ɗin yaƙi ne ya ci nasara ta hanyar ƙin yin yaƙi. Wannan ne ma ya dace da canjin sunan da aka yi dab da fitowar fim ɗin, daga Revenge of the Jedi, watau Ramuwar Jedi, bisa hujjar cewa Jedi ba ya ramuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyau a duk kashi ukun, a ganina. Sarki yana azabtar da Luke da tartsatsin wuta, yaro yana kiran ubansa. Darekta Richard Marquand ya kafa kyamara a kan kwalkwalin Vader, fuskar da ba ta motsi, yana duban ɗansa, yana duban ubangidansa, bai ce uffan ba. Mai kallo ne ke karanta abin da ke cikin wannan shiru, har lokacin da ya sungumi Sarkin ya wurga shi cikin rami. Da aka cire kwalkwalin, dodon da aka yi shekara shida ana tsoro ashe wani tsoho ne kodaɗɗe mai tabo a ka, Sebastian Shaw, ɗan wasan Ingila da ya haura shekara 70. Yayin da sauran ke kiɗa da rawa, Luke shi kaɗai ya tsaya gaban wutar da ya cinna wa gawar.

Abin takaici, masu fim ɗin ba su bar shi ya huta ba. A 1997 Lucas ya canza kiɗan ƙarshe, a 2004 ya cire fatalwar Shaw ya sa ta saurayi Hayden Christensen, a 2011 kuma ya cusa wa Vader ihu a daidai wurin da shirun ya fi kowace magana. Bayan kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 kan dala biliyan 4 da ɗoriya, an kashe Han Solo a 2015, abin da Ford ya roƙa tun shekaru talatin da suka gabata, sa'an nan a 2019 aka tono Sarkin Daula aka dawo da shi da rai, kamar dai jifan da Vader ya yi masa wasa ne. Ni dai duk ranar da zan sake kallo, kwafin 1983 zan nema, wanda Vader ya yi shiru a cikinsa.