Ina Katinka na Ɗan Jarida?

Wannan ce tambayar da ake fara jefa wa duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauki hoton ajin da iska ta yaye rufinsa, yara na zaune a ƙasa. Ni dai na duba, ban ga inda doka ta nemi kati ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 kowa ya bai wa 'yancin faɗin albarkacin baki da yaɗa labari, mai shayi da edita duk ɗaya. Haka Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011: kana iya rubuta wa hukumar gwamnati ka nemi takardun kwangilar gyaran ajin nan, ba sai ka faɗi dalili ba, kuma kwana 7 gare ta ta amsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. A da, saƙon da ya ɓata wa wani rai kawai na iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye 'yanci, aka yi masa kwaskwarima a 2024, ya koma kan batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don ta da zaune tsaye ko barazana ga rai. Duk da haka kame bai tsaya ba, kuma ɓata suna har yanzu laifi ne a dokar Final Kod ta Arewa. Ɗan jaridar gidan rediyo yana da edita da lauya a bayansa. Kai kuwa, daga kai sai wayarka. Saboda haka hoton rufin da kwanan wata ya fi maka amfani a gaban alƙali fiye da kiran shugaban ƙaramar hukuma ɓarawo ba takarda a hannu.

Idan an kama ka, Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya. Dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a tsare mahaifinka ko matarka a madadinka, abin da iyalai da yawa ke haƙuri da shi don ba su san an hana ba.